Yadi Ɗaya, Yanka Biyar

Zuwa ga 'yata Safiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Riyad lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye na gari. Gaisuwar Babanku da ta Yayarki kin riga kin sha ta da baki. Wannan tawa ce ni kaɗai.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a cikin akwati alhali ga jawwal, wayar salula, a hannun kowa. Na gwada. Sau uku ina danna wurin ɗaukar murya, da na ce "Safiyya" sai in tsaya, in goge. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Kar ki ce mini karatun zai yi miki wuya. Yarinyar da ta zauna ta koya wa kanta rubutun Koriya, ba malami ba makaranta, ba za ta gaza karanta harshen uwarta ba. Ki bi a hankali, in wata kalma ta shige miki duhu ki ajiye ta ki tambaye ni.

Ba labari zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar gidan. Laifuffukana zan faɗa miki. Shekara biyu ke nan rabon da ki ja kujera ki zauna kusa da keken ɗinkina. Tsakanina da ke sai "na'am", sai "ɗayyib", sai "in sha Allah". Ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, da ma kin ɗaga da ya fi mini sauƙi. Kin san dalili, ni ma na sani, amma ba wadda ta taɓa furtawa. Ga shi kin tafi koyon zanen tufafi a wani gari, ni kuma ina tsoron shirun nan ya bi ki can ya zauna, ya zama shi ne tsakaninmu har abada.

Zan fara daga nesa, daga wata ƙaramar Sallah kina da shekara goma sha ɗaya. Ƙanwata ta aiko mini da atamfa ruwan ɗorawa daga Kano, na yi muku anko ke da Yayarki kamar yadda na saba. Ita gajera ce mai jiki, ke kuwa a shekarar kika fara miƙewa, ga dogayen hannuwa irin na dangin Babanku. Na gwada ta, ke ban gwada ki ba. Tsawon rigar kawai na ƙara na ce ai ya isa. Da safe kika sa, kika zo kika tsaya a bakin ƙofa kika ce, "Umma, hannun bai kai ba." Na ce miki haka ake yi, 'yan'uwa a gan su iri ɗaya, ki wuce mu tafi. Ranar mun zaga gidaje a unguwarmu ta Ƙuba, nan Madina, ana gaishe-gaishe, wuni guda hannuwanki suna bayanki. A hoton da aka ɗauka ma haka kike tsaye, yana nan a falo in kin manta.

Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa yanka wa wata mai kawo aiki yadi ba tare da na sa mata tef ba. Ke da na haifa na yanka miki da awon wata. Ba mugunta ba ce, ganin dama ne irin na iyaye, mu kan ɗauka mun san 'ya'yanmu har ba ma buƙatar dubawa. Don haka abin da zan fara ce miki shi ne, duk wadda ta tsaya a gabanki ki gwada ta, ko da kin san ta tun tana goye. In kuma wata malama a can ta so ta cusa ki cikin awon wata ɗaliba, ki faɗa mata da ladabi cewa bai kai ba, ki sake faɗa in ba ta ji ba. Ke sau ɗaya kika faɗa mini kika yi shiru.

Sai kuma zancen 'yan matan Koriyan nan naki masu waƙa da rawa. Kina shekara goma sha huɗu suka shigo mana gida ta jawwal. Sai in ji ƙofar ɗaki a rufe, ƙasa tana amsa dirin ƙafa, in na buɗe ki yi wuf ki zauna kina haki kamar ba ke ba. Sunan da na sa musu kin san shi, 'yan tsalle-tsalle. Na ce duk fuskarsu ɗaya, muryarsu ɗaya, ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Wata rana ina wanke shinkafa kika zo da jawwal a hannu, idonki yana ƙyalli, kika ce, "Umma, wallahi ba iri ɗaya ba ne. Shufi, duba waɗannan, sannan ki duba waɗancan." Ko waiwayowa ban yi ba. Na ce, "Yalla, ɗauke mini wannan abu, zo ki yanka albasa." Kika ajiye, kika yanka albasar.

Abin kunyar shi ne ni ma na yi irin wannan haukar. Ban taɓa gaya muku ba. A Fagge, ina kamar shekarunki, finafinan Indiya ne suka ɗauke mini hankali. Gidan maƙwabta ake kallo, ni kuwa in an aike ni sayen kanwa sai in maƙale a can. In dawo in ɗauki mayafin Inna in naɗa shi irin nasu, in ɗiga jan-baki a goshi, ina rera kalmomin da har yau ban san ma'anarsu ba. Ranar da Inna ta kama ni na sha muciya. Amma a finafinan nan na fara lura da yadda yadi yake bin jiki in mace ta juya, da yadda wani yake zubowa wani yake tsayawa. Daga nan na so ɗinki, kuma da ɗinkin na rufa wa gidan nan asiri tare da Babanku. Duk wannan na manta shi ranar da kika miƙo mini jawwal ɗinki. Za ki haɗu da 'yan mata a can masu son abubuwan da za su yi miki baƙo. Kafin ki yanke musu hukunci ki tsaya ki duba abin, minti biyar ma ya isa. Ni minti biyar ɗin na hana ki.

Yanzu na zo kan daftarin, littafin zanenki mai shuɗin bango.

Wata baƙuwa ce ta shiga ɗakinku yin salla, ta ga 'yan hotunan mawaƙan da kike tarawa, ta fito tana taɓe baki, ta ce ashe haka gidan Hajiya Rabi ya koma. Maganar ta tsaya mini. Kin san zamanmu a garin nan, mu Hausawa 'yan kaɗan ne, abin da aka faɗa a Ƙuba da safe kafin la'asar ya isa unguwar Aƙiƙ. Washegari da hantsi kina makaranta na shiga na birkice kayanki, na ci karo da daftarin. Shafi uku na buɗe, na ga 'yan mata da gajerun siket, na rufe. Da kika dawo kika duba ko'ina, kika zo kika ce, "Umma, ina daftarina?" Na ce na jefa shara, motar baladiyya, ta hukumar gari, ta kwashe. Kika sauka matakala ba takalmi, cikin ranar azahar ɗin nan ta Madina, kika je kina leƙa cikin tankin shara na bakin titi. Ina tsaye a taga ina kallonki. Littafin kuwa yana cikin durowar kekena, ƙarƙashin ƙyallaye.

Na so in kira ki. Wallahi na so. Amma na riga na faɗa, sai girman kai ya riƙe mini baki. Na gaya wa kaina tarbiyya nake yi. Ba tarbiyya ba ce, tsoron bakin mutane ne, kuma matar da na ji tsoron bakinta ko sunanki ba ta riƙe ba. Safiyya, kar ki yi wa wanda yake ƙarƙashinki ƙarya da sunan gyara shi. In kuma ta kuɓuce miki, ki warware ta a ranar, kafin rana ta faɗi. Tawa da na bari ta kwana, sai ta haifi wadda ta fi ta.

Bayan kamar wata shida Hajiya Bilki ta Aƙiƙ za ta aurar da 'yarta. Ta zo mini da ƙawayen amarya su biyar da yadi kore mai sulɓi, a yi musu anko. 'Yan matan yanzu kuwa ba irinmu ba ne. Doguwar ta ce ba za ta sa abin da gajerar za ta sa ba, mai jikin ta ce kar a matse ta, wata ta ce ita har wuyan hannu take so a rufe, wata ta ce in aka yi mata ɗinkin tsofaffi ba za ta je bikin ba. Suka cika mini ɗaki da Larabci suka tafi. Kwana uku yadin yana shimfiɗe ban sa masa almakashi ba. A rana ta huɗu ina laluben alli a cikin durowa, hannuna ya taɓo daftarin.

Ta baya na buɗe shi wannan karon. Sai ga shafi guda da 'yan mata biyar a jere, launi ɗaya, yanka biyar. Kin ɗauko tsarin daga waɗancan mawaƙan, amma kin sauke siket ɗin har idon sawu, kin ɗaga wuyan rigunan. A gefen kowace kin yi 'yar rubutu. A gefen ɗaya kin ce, ta gajera mai jiki kamar Yaya, a ɗaga tattarar zuwa ƙasan ƙirji don ta ƙara mata tsawo. A gefen ta ƙarshe kin ce, ta doguwa mai dogon hannu kamar ni, hannun ya yi faɗi, a tattare shi a wuyan hannu, ya ɗan wuce. Na daɗe a zaune ina kallon wannan layin. Sannan na tashi na ɗauki almakashi na yanka yadin Hajiya Bilki daidai yadda kika zana, ban canja ko maɓalli ba.

Kin tuna bikin, a zauren nan na wajen Ƙiblatain. Da 'yan matan suka shigo a jere wurin ya ɗauki guɗa. Mata suka yi ta taɓa hannun rigunan suna tambayar wa ya ɗinka. Hajiya Bilki ta kamo hannuna ta ɗaga sama ta ce, "Ga ta nan, Hajiya Rabi, hannunta ba irin na kowa ba ne!" Na yi murmushi na ce, "Alhamdu lillahi, baiwa ce daga Allah." Kina tsaye kamu biyu daga inda nake, da finjalin gahawa a hannunki. Na ga kin kalli rigunan ɗaya bayan ɗaya. A mota muna komawa Babanku yana ta hira, ke kina kallon waje. Da muka kusa gida kika ce, da Hausa, "Ɗinkin ya yi kyau, Umma. Hannun ya kai."

Tun ranar ban sake jin wata doguwar magana daga bakinki ba. A lokaci guda kika gane littafin bai shiga shara ba, kika gane uwarki ta yi miki ƙarya, kika kuma ga ta karɓi yabon da yake naki. Na ci amanarki, 'yata. Ba ni da wani suna da zan sa masa. Hanyar zanen tufafi da kika ɗauka hanya ce da ake aro da yawa, kowa yana kallon aikin kowa. Aro ba laifi ba ne, ke ma aro kika yi kika gyara. Amma in an yabe ki a kan abin da wata ta yi, ki faɗi sunanta a take, kafin daɗin yabon ya sauka a cikinki. In ya sauka fitar da shi wuya gare shi.

Bayan bikin ne na fara kallon mawaƙan nan naki. Na sa Yayarki ta nuna mini yadda ake nemo su, na ce mata don aiki ne, ta yi dariya ta ƙyale ni. Bayan azahar in ƙafa ta ɗauke sai in jingina jawwal da gwangwanin allurai ina kalmasa ina kallo. Ashe gaskiyarki, ba iri ɗaya ba ne ko kusa.

Akwai masu laushin nan, kayansu ruwan hoda da ruwan madara, siket mai tattara kamar na 'yan makaranta, ga ribbo a gashi, waƙarsu ta kan tuna mini da gaɗa a dandali, har sai na ji ƙafata tana motsi a kan keke. Akwai kuma masu ɗaure fuska, baƙaƙen kaya na fata da manyan takalma da sarƙoƙi, kiɗansu mai nauyi, wata a cikinsu ba rerawa take ba, magana take zubawa da sauri kamar mai faɗa da kishin gaskiyarta. Da farko tsoro suka ba ni, daga baya na gane yarinyar da aka saba ce wa ta yi shiru dole ta so su. Na ga masu natsuwa, dogayen riguna masu zubowa, murya zalla. Waɗannan har rigar kakanninsu suke ɗaukowa, 'yar gajerar ta sama mai ɗauri a ƙirji da buje mai faɗi, su sake mata fasali. Wannan ya burge ni, na ce ashe su ma suna da atamfarsu. Sannan ga waɗanda kamar daga gida suka fito aike, wando burmeme da riga ta yi musu yawa, ba kwalliyar kirki, amma in kin duba da idon tela za ki ga an sha wahala kafin rigar ta zauna haka. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ƙungiya ɗaya sai ta fito wannan karo a masu laushi, karo na gaba a masu ɗaure fuska, kuma ya karɓe su.

Kowace a cikinsu tana da gurbinta. Wata murya, wata rawa, wata saurin baki, wata ita ce babba mai tattara su, ga auta ana lallaɓa ta. In suka haɗa ƙafa kuwa sai ka ce mata masu lugude a turmi ɗaya, ba wadda taɓaryarta take karo da ta wata. A nan na gane abin da yake jan ku. Duk yarinyar da ta kalla za ta sami wadda ta yi kama da ita, ta ga an ba ta wuri ba tare da an ce ta zama wata ba. Na ma gano taki, ba wanda ya gaya mini. Doguwar nan ce mai tsayawa a gefe, ba ta cika murmushi ba, sai layinta ya zo ta fito gaba ta miƙa hannuwan nan nata har ƙarshe. Ni kuwa 'yar gajerar nan mai babbar murya na zaɓa. Kar ki gaya wa Babanku.

Ba zan yi miki wata ƙaryar ba, akwai abin da har gobe ban yarda da shi ba. Wasu kayan nasu ko an haɗa ni da Allah ba zan ɗinka ba, kuma ramar wasunsu tana ba ni tausayi. Yayarki ta ce shekaru suke yi ana horar da su, har abin da za su ci ana sa musu ido. Na tuna watan da kika daina cin tuwon dare kina ce mini kin ƙoshi, ni kuma ban tambaya ba. 'Ya'yan wasu ne su ma, suna da iyaye mata a wani gari suna kallonsu ta jawwal. Ki ɗauki naci irin nasu da haɗin kansu da yadda suke girmama aikinsu, abin da bai dace da ke ba ki bar musu. Wannan ba sai na koya miki ba, tun kina shekara sha biyar kika sauke musu siket da kanki. Ki ci abinci sau uku. Ki cire abin kunnen nan in lokacin salla ya yi, can ba kamar nan ba ne da kiran sallar masallacin Ƙuba yake shigo mana har ɗaki.

Ranar Talatar da ta wuce da na ce miki zan kai ɗinki Aƙiƙ, ba ɗinki na kai ba. Gidan Hajiya Bilki na je, na tarar da mata sun kai takwas ana shan shayi bayan la'asar. Na ce musu rigunan nan biyar da ake ta zance, da duk waɗanda na yi ta maimaitawa bayansu, zanen Safiyya ne, ɗinki kawai na yi. Hajiya Bilki ta so ta rufa mini asiri, ta ce, "Haba Hajiya Rabi, ai da uwa da 'ya duk ɗaya ne." Na ce, "A'a Hajiya, ba ɗaya ba ne. Wannan kuskuren na daɗe ina yin sa." Na sha shayina na taso. Kafin Juma'a duk wanda ya kamata ya ji ya ji, wannan karon bakin mutane ya yi mini amfani.

Ki ɗaga rigar da take ƙarƙashin takardar nan. Shuɗiya ce, ta doguwa mai dogon hannu, yadda kika zana ta. Na ji nauyin in ce ki zo in gwada ki, sai na sa tef a abayarki tana kan igiya, na kuma auna hannun sau uku. A naɗe cikin rigar daftarinki ne. Akwai ɗigon man keke a shafi biyu, da alamun alli a gefe, duk nawa ne, ki yafe. Ban yage ko shafi ɗaya ba, har ukun farkon nan.

A shafin ƙarshe da kika bari fari za ki ga lambobi da rubutuna. Awona ne. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo, da damtsen da kika san ba ya shiga kowane hannu. Na sayi yadi ruwan ƙasa don Sallah mai zuwa. Shekara talatin ina yi wa kaina yanka ɗaya, ban san me zai karɓe ni ba, ke ce kika iya kallon mutum ki gani. In kin yafe mini ba sai kin ce komai ba, na san maganar da nauyi. Ki zana mini riga kawai ki turo. In kuma zuciyarki ba ta sauko ba tukuna, ba zan matsa miki ba, ke kin jira ni shekara biyu.

Allah Ya tsare mini ke daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa albarka a hannunki da idonki, Ya ba ki abin da kika je nema, Ya dawo mini da ke garin Manzo lafiya. Zan riƙa yi miki addu'a a Harami duk Juma'a.

Yadin yana nan a kan keke, a ninke. Ba zan sa masa almakashi ba sai na ji daga gare ki.

Wassalam,
Ummanki